Ɗan Mai Tarko

Wayar Fu Shulan ba ta samun sabis a cikin kurmin nan sai a kan wani falalen dutse da ke bayan masaukin baƙi. A kan dutsen labarin ya same ta da sanyin safiya, tun baƙinta 'yan yawon kallon tsuntsaye ba su gama shan kunun shinkafa ba.

Mahaifiyarta ce ta kira. Ko gaisuwar kirki ba su yi ba ta ce mata mutanen Oga Lin, mai kamfanin da take wa aiki, sun aiko, ranar da za a gama wannan tafiyar za su kawo binlang, goron ƙasarsu, gida, kuma Aba, mahaifinta, ya ce zai karɓa ya tauna. Babu 'yar ƙabilar Li a duk tsibirin Hainan da ba ta san cewa in uba ya tauna binlang ɗin masu neman aure, magana ta ƙullu ba.

"Ama, ni fa ba yarinya ba ce," in ji Shulan. "Na kusa talatin. Ni za a tambaya."

"Babu mai ɗaure ki, A-Lan. Shi ma ya ce ba zai tilasta ki ba. Cewa kawai ya yi in kin zaɓi ɗan gidan Ji, to bayan ransa, ranar sharar kaburbura kada ƙafarki ta taka nasa. Kin san ubanki, ba ya faɗa ya janye."

Shulan ta daɗe riƙe da wayar bayan an kashe. Daga inda take tana hango Ji Dewen, direban ayarin, yana goge gilashin ƙaramar bas ɗinsu yana fito a hankali. Bai san an yanka ta tashi ba.

Tana 'yar ƙarama abin ya faru. Aba yana aikin gadin daji a lokacin, ya taka tarkon ƙarfe da wani maharbi daga yamma ya ɗana wa aladen daji. Sai da ya kwana biyu a cikin kurmi kafin a tsince shi, ƙafar ta riga ta lalace, aka yanke ta daga gwiwa. Maharbin ya yi zaman gidan yari. Sunansa tsoho Ji, kuma shi ya haifi Dewen.

Ta share fuska da hannun riga, ta rataya madubin hangen nesa a wuya, ta sauko ta tara baƙinta. Aiki ba ya jiran mai kuka.

Baƙin tsofaffi ne 'yan fansho daga arewa, kowa da kyamara mai baki kamar turmi. Tun jiya suke mita a kan tsuntsu ɗaya, ɗan ɗawisun kurmi, mai ɗigo-ɗigon kore a gashinsa, wanda ba ya yarda a gan shi. Shulan ta jera su cikin bukkar leƙe, ta ce kowa ya kame bakinsa. Ruwa na ɗiga daga ganyaye, hazo na ratsa bishiyoyi, sauro na cin rabonsa.

Can sai ga tsuntsun ya fito daga ƙarƙashin ciyayi, yana taku ɗaiɗai. Ya tsaya, ya buɗe wutsiya. Kyamarori suka ɗauki ƙara kamar ana tankaɗe. Wani tsoho har da dafe ƙirji.

Shulan kuwa ba ta ga komai ba, hawaye ya rufe mata ido.

Goggo Tang, wata tsohuwa mai rinannen gashi da baki kamar reza, ta zungure ta da gwiwar hannu ta raɗa mata, "Malama Fu, mu da muka yi shekaru muna nemansa ba mu yi kuka ba, sai ke da kike ganinsa kamar kazar gidanku? Wane ne shi? Mai motar ne ko mai kamfanin?"

Shulan ta ce sauro ne ya faɗa mata a ido. Goggo Tang ta ce lallai sauron nan yana da lasin tuƙi.

Da suka koma masauki cin abincin rana, sai suka tarar da baƙar motar Oga Lin Guotai a bakin ƙofa. Shi ne mai kamfanin yawon, mutumin Haikou, mai fara'a da tsabtar farce. Shi ya kai Aba asibiti bara aka yi masa sabuwar ƙafar roba, tun daga nan Aba ba ya gajiya da ambaton sunansa. Ya ce ya zo ne ya ga yadda baƙi ke jin daɗi, zai bi ayarin har ƙarshe. A wurin cin abinci da kansa ya fasa gorar da aka dafa shinkafa a ciki ya zuba wa Shulan, ya ɗora mata cinyar kaza a gaban kowa. Ya juya ya ce wa Dewen ya je ya ci nasa a kicin, teburin ya cika.

Dewen ya ɗauki kwanonsa ya fita.

Da baƙi suka shiga hutun rana, Oga Lin ma ya kwanta, Shulan ta zare jiki ta gangara rafin da ke ƙasan masaukin. Ta san a can za ta sami Dewen. Yana zaune a kan gungumen itace, ƙafafunsa cikin ruwa. Ta faɗa masa komai a tsaye, ba ta rage ko kalma ba.

Ya ci gaba da kallon ruwa kamar bai ji ba.

"Yaya Wen, ka ce wani abu."

"Me zan ce, A-Lan? In sake zuwa wurin Aba? Kin manta zuwan farko? Na durƙusa ina gaishe shi, ya kwance ƙafar robar ya ɗora ta a kan tebur tsakanin kofunan shayi, ya ce in gaishe ta ita ma, ai kyautar ubana ce."

"To mu bar zuwa wurinsa. Ran da aka gama tafiyar nan mu wuce ofishin rajistar aure mu sa hannu, ni da kai. Doka ba ta tambayar Aba. Mu tafi birnin Sanya, ko mu tsallaka ruwa ma gaba ɗaya. Tsuntsaye suna ko'ina, mota tana ko'ina."

Ya girgiza kai. "Gidanmu ya raba shi da ƙafa, yanzu kuma in raba shi da 'ya? Da wane ido zan dubi 'ya'yanmu in suka tambaye ni ina kakansu?"

"Ni fa? Ni da wane ido zan dubi Lin Guotai kowace safiya har in mutu?" Kukan da ta danne tun safe ya ƙwace mata. "Kowa yana da wanda yake tausayi, Ama tana tausayin Aba, kai kana tausayin Aba, ni ce kawai ba ni da mai tausayina. Laifin me na yi? Ni na ɗana tarkon? Kai ka ɗana? Kana ajin farko a makaranta aka yi abin nan."

Ya miƙe ya riƙe hannuwanta biyu, nasa idon ma ya kaɗa. A nan ya gaya mata abin da ya daɗe yana ɓoyewa. Hankalin tsoho Ji ya fara gushewa. Wani lokaci ba ya gane Dewen, ya kira shi da sunan ƙaninsa da ya mutu tuntuni. Yana tashi ya ce matarsa tana kwance ba lafiya, alhali ta shekara goma a ƙasa. 'Yar'uwar Dewen ce ke kula da shi, ita ma ga yara ga gonar mangwaro. In ya tafi Sanya, wa zai bar wa tsohon?

"Ba ƙin ki nake ba, A-Lan. In aka tsaga ƙirjina ke za a gani. Amma an ɗaure ni ta gaba an ɗaure ni ta baya."

Ya sunkuya ya ga matsattsaku ya maƙale mata a idon sawu, ya sha jini ya kumbura, ita ko ji ba ta yi ba. Ya ciro ƙullin gishiri daga aljihu ya barbaɗa masa, ya faɗi. Ya ɗebo ruwa a tafin hannu yana wanke mata jinin, ya daɗe yana wankewa bayan wurin ya fita tas. Haka suka zauna a bakin rafin har rana ta karkata, ba su cimma komai ba.

Washegari ma a kurmi suka wuni, Oga Lin yana manne da ita kamar inuwa, yana riƙe mata jaka, yana gaya wa baƙi cewa nan gaba kaɗan Malama Fu za ta huta da shiga daji, ofis zai buɗe mata mai sanyi a Haikou. Baƙi suka yi ta taya murna. Goggo Tang ce kaɗai ta taɓe baki.

Kashegarin wannan suka sauko daga duwatsu suka nufi yamma.

Tun kafin rana ta take, duniya ta sake kama. Hazo ya ƙare, ganye ya ƙare. Ciyawa ta bushe ta yi ruwan zuma, itatuwa sun kaɗe sun tsaya tsirara, sai gurjiya kaɗai da ta yi ja wur da fure a bakin hanya. Baƙi suka tuɓe rigunan ruwa suka ɗora malafa. Nan ne ƙasar su Dewen, ƙauyensu yana bayan wani ɗan tudu, ana hango rufin gidajen daga titi. Shulan ta lura tun da suka shigo yankin ya daina magana.

Fakara suka zo nema. Tana ta kira daga cikin ciyawa, ta nan ta can, amma ba ta fito ba. Shulan ta shige gaba a wata 'yar siririyar hanya, baƙi na biye da ita a jere, Dewen a ƙarshe ɗauke da ruwa.

Goggo Tang ce ta fara jin fuffukar. Ta leƙa ƙarƙashin wata ƙaya ta ja da baya tana salati irin nasu, ta kira Shulan.

Fakara ce a kwance, zargen siririyar waya ya shaƙe mata ƙafa, ta yi ta fizga har fata ta saɓule. Gaba kaɗan ga wani zargen, ga wani, an jera su a bin hanyar da tsuntsayen ke bi zuwa ruwa. A na ƙarshen akwai wadda ta riga ta mutu, tururuwa sun rufe ta.

Dewen ya ajiye ruwan ya durƙusa. Ya rufe wa tsuntsuwar ido da tafin hannu, ya sassauta wayar da yatsa biyu, ya sake ta ta ruga cikin ciyawa tana ɗingishi. Amma bai tashi ba. Ya tsaya yana kallon yadda aka murɗa wayar a jikin turken, aka lanƙwasa bakinta ciki. Shulan ta ga jini ya bar fuskarsa. Ba sai an gaya mata ba. Ta gane aikin hannun ubansa ya gani.

"Ka iya kwancewa kuwa," in ji Oga Lin daga bayansu, wayarsa a sama yana ɗaukar hoto. "Ko laluben bakin zaren ba ka yi ba. Da ma an ce a gida ake koyo."

Shulan ta roƙe shi da ido, ta matsa kusa ta roƙe shi da baki, ta ce ya bari su kwashe tarkunan su wuce, kada a ɓata wa baƙi rana. Ya ce ina, kamfaninsa ba zai ga ɓarna ya rufe ido ba, sunansa ne a jikin motar. Nan take ya kira ma'aikatan gandun daji. Ya kuma gaya mata a hankali, da murmushinsa, cewa ya tura wa Aba hoton, don tsoho ya ga irin abin da yake ta gudar mata.

Ba a jima ba ma'aikata biyu suka iso a kan babur, babba da ƙarami. Babban mai furfura ne, ya zagaya tarkunan ɗaya bayan ɗaya, ya taɓa matacciyar da tsinke, ya ce shekaranjiya aka ɗana su, ba a wuce haka ba. Ya tambaya ko akwai wanda ya ga wani.

"Ni na ɗana."

Kowa ya juya. Dewen ne, yana tsaye, wayar tarkon a hannunsa.

Ya ce shekaranjiya da rana, da baƙi suka shiga hutu, ya ari babur a masauki ya gangaro ya ɗana su, ya koma kafin a tashi. Ya ce yana sayar wa wani mai gidan abinci ne. Yana maganar yana kallon ƙasa, muryarsa ba ta ko rawa.

Shulan ta zuba masa ido. In ya tafi a kan wannan maganar, gidan yari ne, kuma ya rabu da daji da baƙi har abada. Aba kuma ya samu abin da zai riƙe har kabari, ga shi ɗan ya gaji uban, da bakinsa ya faɗa.

Mai furfurar ya tambayi sunansa. Da ya ji, sai ya ɗaga kai ya dubi rufin gidajen da ke bayan tudu, ya daɗe yana kallo. Sannan ya tambaya wane ne shugaban ayari. Aka nuna Shulan.

"Malama, direbanki ne. Shekaranjiya da rana ya bar masauki?"

Dewen ya ɗago ido ya dube ta. Tun da ta san shi bai taɓa roƙon ta komai ba, sai yau, kuma ba da baki ba. Oga Lin ma ita yake kallo. Baƙi sun yi tsit, har fakarun sun daina kira.

Shulan ta sunkuyar da kai. Goggo Tang ta kama hannunta ta matse.

"Bai je ko'ina ba," in ji Shulan. "Yana tare da ni a bakin rafi, tun da baƙi suka kwanta har rana ta karkata. Mu biyu kaɗai. Ko taku ɗaya bai yi ba."

Murmushin Oga Lin ya ɗauke kamar an hure fitila.

"Ƙarya take yi," in ji Dewen. "Yallaɓai, rufa mini asiri take son yi."

Goggo Tang ta ce ita tsohuwa ce, barcin rana ya daɗe da yin hijira daga idonta, tagar ɗakinta kuma rafin take kallo. Ta gan su, ta ga kukan, ta ga har wankin ƙafar. In ana so ta rantse da jikokinta, za ta rantse.

Mai furfurar ya karɓi wayar daga hannun Dewen, ya juya ta ya dubi murɗin. Ya ce shi yana sabon ɗauka a aiki lokacin da aka kama tsoho Ji, kuma irin wannan lanƙwasar bai sake ganin ta a hannun kowa ba. Ya ce wa ƙaramin ya tattara tarkunan, za su shiga ƙauye.

Dewen ya zube a gabansa. Ya ce tsohon ba ya cikin hayyacinsa, bai san shekarar da ake ciki ba, yana ɗana wa matarsa ne da ta mutu don ya yi mata romo. In aka rufe shi a ɗaki da baƙin fuska ba zai kai mako ba. Ma'aikacin ya ɗaga shi, ya ce duk wannan za a duba, akwai likita akwai alƙali, amma shi ba shi da ikon ya ga abu ya ce bai gani ba, balle mutumin da ya taɓa shiga hannu a kan irin laifin. Suka hau babur suka yi gaba.

Shulan ta matso tana kuka. "Yaya Wen, ba zan iya tsayawa ina kallo a tafi da kai a kan abin da ba ka yi ba. Ka ce na yi laifi, amma ba zan iya ba."

Ya dube ta kamar yau ya fara ganin ta.

"Abu ɗaya na gaya miki a duniya wanda ban gaya wa kowa ba," ya ce. "Ni zan iya zaman gidan yari, A-Lan, ina da ƙarfi, zan fito. Shi ko sunansa ba kullum yake tunawa ba. Zai tashi a can ya yi ta kiran mahaifiyata, babu mai amsa masa."

Ya ciro makullin bas ɗin ya ajiye a kan dutse, ya juya ya yanki ciyawa da gudu ya nufi ƙauyen, ko zai riga babur ɗin isa.

Wayarta ta fara ƙara a aljihu. Ta duba, Aba ne. Ta bar ta tana ƙara.

Oga Lin ya ɗauki makullin ya ce baƙi su shiga mota, shi zai tuƙa. Ya buɗe mata ƙofar gaba, ya ce da ita cikin sanyin murya, abin da ta faɗa yau zai iya binne shi a nan, ba zai kai wa Aba ba, kuma mutanensa za su je gidansu kamar yadda aka shirya. Amma in ta bi yaron can, to ta sani babu aiki, babu gida, kuma shi da kansa zai gaya wa tsoho inda 'yarsa ta wuni shekaranjiya.

"Shiga, A-Lan. Rana na dukan baƙi."

Shulan ta dubi kujerar. Ta dubi tsofaffin da suka leƙo ta tagogi suna jiran ta. Ta cire madubin daga wuyanta ta rataya wa Goggo Tang, ta ce mata in sun kai bakin tafki da yamma su duba kan wayar lantarki, tsuntsayen da suka rage musu a nan suke sauka.

Sannan ta shiga ciyawar.

Ƙaya na yagar mata wando, wayar na ta ƙara a aljihunta, tana gudu tana kiran sunansa. Yana can gaba ya kusa kan tudu, iska kuma daga bayanta take busowa, ta tabbata muryarta na isa gare shi. Ta kira shi Yaya Wen, ta kira shi Dewen, ta kira har maƙogwaronta ya dushe.

Ya haye tudun, bai waiwayo ba.